Jakar Darar Tsoho Ba Tamu Ba Ce

Kakana ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar, kuma kafin a kira la'asar maza sun fara musun balo, wato ƙwallon ƙafa, a ƙofar gidanmu. Da kunnena na ji. Katanga ɗaya ce tsakanin rumfar makoki da inda nake wanke kwanuka, kuma katangar ba ta tare magana.

Mata ma sun yi nasu a ciki. Gwaggo ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta share ido ta shiga cigiyar wadda ta ɗauki babbar tukunya. Maƙwabciyarmu, wadda ta shekara biyu ba ta gaishe shi ba saboda ya kira akuyarta ɓarauniya, ita ta fi kowa faɗin cewa mutum ne da bai taɓa faɗa da kowa ba. Duk wadda ta shigo sai ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri, mijina ya tafi ya bar ni, kamar yadda ake tsokanar jika. Ina cewa na gode, ina komawa kan kwanukana. Wata ta lura ban yi kuka ba, ta ce wa ta kusa da ita haka ƴan lakwal, ƴan makarantar boko, suke, zuciyarsu busasshiya. Shekara huɗu ni ke gasa masa gwiwa; ita ranar ta fara sanin inda ɗakinsa yake.

A waje da mutunci aka fara. Aminin kakana, wani tsohon tela, ya ce an yi rashin da ba za a mayar ba: shekara arba'in mutum yana da jakar dara a nan garinmu Gure, ba wanda ya tashi da ita. Aka ce Allah ya jiƙansa. Sai ɗan baffana, wanda ya zo hutun bakans daga Yamai, ya ce ai wannan shi ake kira rekor, bajintar da ba a taɓa karyawa ba. Kalmar nan ita ta ɓata zaman. Wani direba ya ce in rekor ake magana, babu kamar na mutumin da ya fi kowa zura balo a raga. Ɗan baffa ya ce a'a, wannan ana iya kamo shi, amma mai gudun nan da ya fi duk duniya sauri, jikokinmu ma ba za su ga wanda zai karya nasa ba. Wani ya ce ku bar zancen Turawa, ɗan kokowar da ya yi ta ɗaukar takobin gasar ƙasa yana maimaitawa fa? Wani daga garin Kelle ya kawo labarin raƙumin kawunsa. Kowa ya zaro salula yana nuna wa na kusa da shi. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Kuma duk masu wannan musu, in ka ce ɗayansu ya kai tabarma cikin gida sai ya huta a zaure.

A ƙarshe suka daidaita, don a gidan mamaci suke, cewa na Tsoho, wato kakana, ya fi na kowa wuya, tunda ya mutu ba a taɓa cinye shi ba. Wannan ya sa na ɗauki bik na zauna rubutu. Ba na so a manta da shi, amma wanda suke ginawa a rumfar nan ba shi ba ne. An cinye shi. Ina wurin.

Tsoho nake ce masa, shi kuma amarya yake ce mini. Babana ya riga shi rasuwa, don haka a gidansa na tashi ni da innata. Mutum ne gajere mai faɗin hannu, mai raina abincin kowa sai ya cinye sannan ya ce da gishiri ya ji da ya yi daɗi. Ranar kasuwa ba ya karyawa. Yana cewa cikakken ciki ba ya ganin gurbi na uku. Zai fita da jakarsa a kafaɗa, ya zauna gindin itacen bedi, dogon yaron nan na bakin kasuwa, ya share rairayi da gefen tafinsa, ya danna gurbi talatin da ƙashin yatsa, layi biyar shida-shida, ba ya ko duba hannunsa. Ƴaƴan dararsa tsinke goma sha biyu ne na itacen aduwa, kowanne da zobe biyu na ƙuna a kai, sun yi baƙi sun yi sulɓi saboda riƙo.

Ga wanda bai san dara ba: kowa na da ƴaƴa sha biyu, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga matsawa. Wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa. Wanda ƴaƴansa suka kasa kai uku, an ci shi. Ƙa'idar Tsoho hannu uku ce, wato a kasa sau uku, wanda ya ci biyu ya ci zama. Ana cinsa hannu ɗaya jefi-jefi. Zama ne ba a taɓa ci ba.

Sai kuma ƙa'idar jaka, wadda shi ya ƙirƙiro abarsa tun yana matashi. Duk wanda ya ci, sai ya karɓi ɗa ɗaya cikin ƴaƴan wasan mutumin ya jefa a jaka. Duk wanda ya ci shi kuwa, jakar gaba ɗaya tasa ce, da tsinke ɗaya cikin nasa a kai. Jakar fatar akuya ce, ta yi nauyi kamar ta hatsi. A ciki akwai tsakuwa, ƙwallon dabino, maɓalli, murfin kwalba, guntun kanwa, har da wani ƙaramin ƙarfen mota. Kowanne ya san mai shi. Zai zaro ƙwallon dabino ɗaya ya ce wannan na wani mushe ne, malamin lakwal, da ya zo yana cewa ya karanta lissafi, ya tafi yana cewa rana ce ta dame shi. Kafin a fara wasa sai ya ajiye jakar a ƙasa tsakaninsa da mutum, inda hannun kowa zai kai.

Wasannin duniya kuwa bai ɗauke su bakin komai ba. Wani bakans ɗan baffa ya zauna kusa da shi yana nuna masa bidiyon mai gudun nan, yana bayani da hannu da ƙafa. Tsoho ya kalla har ƙarshe, ya tambaya wa ke bin mutumin. Aka ce ba kowa, da agogo yake. Ya ce agogo bai taɓa yi wa kowa dabara ba, to ina abin mamaki? Ɗan balo kuma, ya ce mutum goma ke kawo masa har bakin ƙofa, shi ya sa ƙafa, a rubuta sunansa shi kaɗai; a kasuwar bisashe dillali ake kiran irin wannan. Ƴan kokowa ne kawai yake ɗan ragawa, don mutum ke kama mutum, amma ya ce abin gwiwa ne, gwiwa kuma tsufa take. Ɗan baffa ya hasala ya ce to dara fa, wa ya san ta a duniya, ko a tele ba a sa ta. Tsoho ya ce masa: "Kai, bajintar da aka rubuta a takarda aka rufe a cikin kaye, wa zai taɓa ta? Bajinta ita ce wadda kake ajiyewa a ƙasa kowace kasuwa ka ce a zo a ɗauka, a kasa." Na riƙe maganar nan, don daga baya ita na mayar masa.

Shi ya koya mini dara a tsakar gida, duk da Baffa, babban ɗansa, ya ce ba wasan mata ba ne. Tsoho ya ce to shi Baffa da yake namiji me ya iya a ciki. Bai taɓa bari na ci ba, ko don in ji daɗi. Murfin bik ɗina yana cikin jakar nan. Ranar da sakamakon jarrabawar bak ya fito ban samu ba, gida ya cika da masu ba ni haƙuri kamar an yi mutuwa. Tsoho kuwa tsakar gida ya kira ni. Ya share ƙasa, ya danna guraben, ya nuna mini wurin zama da haɓa. Ya ci ni hannu biyu a jere ba tausayi, sannan ya ce: "To amarya, yau sau biyu ke nan aka kayar da ke. Kin mutu?" Ya sa aka sayo mini tsire, ya cinye rabi. Duk cikin masu ba ni haƙuri shi kaɗai ya yi mini amfani.

Shekara uku ke nan da abin ya faru, farkon damina, ranar kasuwa. Gwiwarsa ta kumbura, bai fita ba. Bayan azahar wani mutum ya yi sallama a zaure. Makiyayi ne daga wajen Alakos, siriri, zai yi shekara hamsin, da rawani da takalmin taya, Hausarsa irin ta ciniki ce, gajera. Ya kawo raguna kasuwa, ya ji labarin jakar, ya je gindin bedi bai sami kowa ba, ya yi tambaya har gida. Tsoho ya sa na kama shi na kai shi zaure. Na kawo wa baƙo ruwa da fura, na zauna daga baya saboda sai da ni yake iya tashi. Da baƙon ya zaro ƴaƴan wasansa daga aljihu, busasshen kashin raƙumi ne guda sha biyu. Tsoho ya yi dariya ya ce jakarsa za ta yi wari yau. Ya ajiye ta a tsakani kamar kullum.

Hannun farko Tsoho ya ci, yana ci yana ba ni labari. Na biyu baƙon ya ci, Tsoho ya daina labari. Na uku ya daɗe. Mutumin ba ya sauri, ba ya ɗaga kai, yana taɓa ɗa sai ya matsa shi, ba ya fasa. Na ga lokacin da Tsoho ya gane: hannunsa ya tsaya a sama, ya dawo kan gwiwa. Baƙon ya kafa ƴaƴansa yadda duk matsawa ɗaya, gaba ko baya, sai ya haɗa uku. Ya dinga tsince tsinkayen aduwa ɗaya bayan ɗaya yana jera su a gefe da ladabi, kamar kayan aro. Ana kiran la'asar saura biyu a ƙasa.

Tsoho ya tura masa jakar, wannan ba zan hana shi ba. Baƙon ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya mayar. Ya ce: "Baba, tafiyar kwana biyu ke gabana da bisashe. Ajiye mini. Ran da ka gama da ita zan zo." Tsinke ɗaya kawai ya ɗauka, ya ƙulle a bakin rawani, ya yi sallama. Ko ƙofa bai kai ba Tsoho ya shafe guraben da tafinsa. Ban taɓa ganin ya share ƙasa da sauri haka ba.

Daga ranar bai sake kasa dara ba. Kumburin gwiwa ya sace, sai ya ce ido ne. Idon da ke hango tsakuwa a shinkafa daga wancan gefen tsakar gida. Ranar kasuwa sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ya zauna a kan jakar kamar matashin kai, masu wucewa suna tsayawa suna gaishe da wanda ba a taɓa ci ba, yana shafa gemu yana cewa ikon Allah ne. Bai taɓa cewa da bakinsa ba a ci shi ba. Bari kawai yake a faɗa. A wurina duk ɗaya ne.

Na yi wata biyu ina haɗiyewa, ni kuwa ba gwanar haɗiya ba ce. Wata rana ina gasa masa gwiwa na ce: "Tsoho, wa ya ce bajinta ita ce wadda ake ajiyewa a ƙasa? Taka ga ta ƙarƙashinka." Ya janye ƙafarsa daga hannuna. Ya ce ni da ban iya cin jarrabawar yara ba zan koya masa mutunci. Na ce ni dai da na faɗi duk gari ya sani. Kwana tara bai yi mini magana ba, abinci ma sai daga hannun Gwaggo, ita kuma tana ta tambaya me na yi masa. Rana ta goma ya kira ni ya ce ruwan Gwaggo ba ya zafi, in zo in gasa. Shi ke nan sulhun. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Mutumin Alakos kuwa duk shekara yana zuwa gaisuwa da ƙullin cuku. Tsoho ba ya karɓarsa a ƙofar gida, sai a ɗaki. Su yi zancen ruwa da ciyawa da ciwon bisashe. Ko sau ɗaya baƙon bai kalli inda jakar take ba.

Kwana biyu kafin rasuwarsa, bayan la'asar, ya ce in miƙo masa jakar. Ya ɗora hannu a kai ya ce: "Amarya, jakar nan ba tamu ba ce. Kin san mai ita." Na ce na sani, bari in kira Baffa da amininsa ya faɗa musu da bakinsa. Ya ce: "Ke ce mai baki." Ya juya fuska ga bango. Na tsaya a kansa ina jin kamar in girgiza shi. Shekara uku yana zaune a kan kunyarsa, da zai tafi ya ɗora mini ita a kai.

Washegarin jana'iza na ji shirin Baffa. Ranar sadakar uku, bayan addu'a, zai sanar cewa iyali sun ba gidan matasa jakar, a rataye ta a bango. Ɗan baffa har ya kai wa mai fenti allon katako a rubuta da Faransanci cewa shekara arba'in ba a ci shi ba, ya kuma baza hoton Tsoho a salula da wannan magana, mutanen da ba su san gurbi nawa ke cikin dara ba suna ta aiko da hoton hannun addu'a. Na sami Baffa shi kaɗai da safe yana shan koko, na faɗa masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya wa ya gani ban da ni. Na ce ba kowa. Ya ce to in rufe bakina, kada in tozarta mamaci kwana ɗaya da binne shi, tsoho in ciwo ya ci shi yana faɗin abin da ba shi ke nan ba. Na ce ya buɗe ƙunshin tsinkayen ya duba. Ya ce ba shi da lokacin wasan yara, kuma in tuna ni mace ce.

Ranar sadakar uku mutumin Alakos ya iso da safe a kan raƙumi. Wani mai mota ya kai masa labari a rijiya. Cikin mutanen rumfar ba wanda ya san shi. Ɗan baffa ya fara tarbarsa, ya ce ya janye raƙuminsa daga kusa da motocin baƙi. Ya janye. Ya dawo ya yi gaisuwa, aka amsa ba a kalle shi ba, ya zauna bakin tabarma wajen takalma, inda inuwar rumfa ba ta kai ba. Ina leƙensa ta ƙofar zaure. Kafin malamai su fara, na ji an koma kan musun shekaranjiya, yanzu har da wani ɗan dambe na ƙasar waje.

Aka yi addu'a, aka shafa. Baffa ya miƙe da jakar a hannu, ɗansa a gefe riƙe da allo, fenti bai gama bushewa ba. Ya fara da cewa mahaifinsu ya bar wa Gure abin alfahari. Innata ta riƙe mini hijabi ta baya. Na zare, na fita.

Na durƙusa bakin zaure na gaida malamai, don kada a ce ban da tarbiyya a kan abin da za a ce. Sannan na ce: "Baffa, ka yi haƙuri. Jakar nan tana da mai ita, ga shi can wajen takalma. Ya ci Tsoho biyu da ɗaya a zauren nan shekara uku da suka wuce. Tsoho ya bar mini wasiyya in faɗa, na faɗa."

Baffa ya ce in koma ciki. Ban koma ba. Liman ya ce tunda an ambaci wasiyya, a tambayi bawan Allah. Duk kawuna suka juya wajen takalma. Mutumin bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya ce shi gaisuwa ya zo yi, Baba mutumin kirki ne. Liman ya ce ba wannan aka tambaye shi ba. Sai ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da tsinken aduwa mai zobe biyu na ƙuna, ya ajiye a kan tabarma.

Ɗan baffa ya ce ko da gaske ne ba ya shiga lissafi, tunda ba arbit mai alƙalanci, ba bidiyo, ba shaidu, kuma tsoho ba shi da lafiya ranar. A ƙa'idar duniya irin wannan ba ya karya rekor. Na ce masa: "Shekara talatin da bakwai ɗin da ya yi yana ci, wane arbit ya gani? Kuma da gwiwa ake dara?" Direban nan mai zancen balo ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Aka miƙa wa aminin Tsoho tsinken, shi da ya fara cewa ba wanda ya tashi da jakar. Ya juya shi a hannu, ya daɗe. Ya ce na Tsoho ne, yana wurin ranar da aka ƙona zobban da ƙusa. Sannan ya ƙara abin da ban zata ba. Ya ce tun shekara uku ya gani. Ya zo duba Tsoho, ya tarar da tsinkayen a shimfiɗa, idon tela kuwa ba ya wuce abu bai ƙirga ba: sha ɗaya. Ya ce bai tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Liman ya ce to me ya sa shekaranjiya ya ce ba a taɓa ci ba. Ya ce shi cewa ya yi ba wanda ya tashi da jakar, kuma ba wanda ya tashi da ita. Tsofaffin nan biyu, har iya kauce wa magana tare suka koya.

Baffa bai miƙa jakar hannu da hannu ba. Ya ajiye ta a kan tabarma ya shige gida, ya wuce ni kamar bango. Mutumin Alakos ya taso ya ɗauka, ya mayar da tsinkensa bakin rawani, ya sake yi wa kowa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har ɗan baffa. A ciki mata suka rabu biyu, masu cewa na ci mutuncin kakana da masu cewa ai dama sun san da wani abu. Maƙwabciya mai akuya tana cikin na biyu. Har yau Baffa in na gaishe shi da hanci yake amsawa.

Kasuwar da ta biyo bayan sadakar bakwai, na je sayen kayan miya na bi ta bakin bedi. Mutumin yana nan zaune inda Tsoho ke zama. Ya share ƙasa, ya danna guraben, ya zube kashin raƙuminsa, jakar kuma tana ƙasa a gabansa inda hannun kowa zai kai. Ya ce ƙa'ida tana nan yadda mai ita ya bari. Na tsaya daga nesa ina neman masanan rekor. Ɗan baffa ya koma Yamai. Direba yana can ƙarƙashin motarsa. Mai labarin takobi ya zo ya tsaya, ya ba da shawara a kan wasan da ba a fara ba, da aka ce ya zauna sai ya tuna ana jiransa. Tsohon tela ne ya tattara rigarsa ya zauna da ƙyar, aka ci shi biyu ba ko ɗaya, ya ciro maɓalli ya jefa a jaka da kansa. Tun daga nan mutumin yana zuwa duk lokacin da bisashe suka kawo shi kusa. Wata rana za a ci shi, ya sani, kuma yana ajiyewa.

Allon da aka rubuta da Faransanci yana nan, Gwaggo ta rufe akurkin kaji da shi, rubutun yana kallon ƙasa.

In za a tambaye ni wace bajinta ta fi wuyar karyawa, ban san ta mai gudu ba, ban san ta ɗan balo ba, ban ga ko ɗaya da idona ba, su ma masu musun ba su gani ba. Na san dai wadda ta fi sauƙin riƙewa: wadda mai ita ya zauna a kanta. Tsoho ya yi shekara talatin da bakwai yana ajiye tasa a ƙasa kowace kasuwa, wannan nasa ne, ba mai ƙwace masa. Ya yi uku yana zaune a kanta. Allah ya jiƙansa saboda talatin da bakwai ɗin da abin da ya fi su, ya yafe masa ukun, ya yafe mini zafin bakin da na yi masa yana kwance.

Tsinkayen suna wurina, a ƙulle cikin tsumman da ya bari. Kwanan baya tsohon tela ya aiko a ce mini ya sami reshen aduwa mai kyau, in ba shi izini ya sassaƙa ɗaya ya ƙona masa zobe, su koma sha biyu, don sha ɗaya ba sa wasa. Na ce a gaishe shi, a ce masa na gode. Haka za su zauna. Duk wanda ya zo tambayar ko da gaske ne ba a taɓa cin kakana ba, zan kwance tsumman in ba shi ya ƙirga.